Allon Shafa A Gaban Direba: Ci Gaban Mai Haƙar Rijiya

Maganar mota za mu yi a wannan fitowa, don kusan babu gidan da ba ta shafa ba a unguwar nan. Wanda bai mallaka ba yana hawa, wanda ba ya tuƙi yana da ɗa ko ƙane a bakin sitiyari tsakanin Badun da Legas, ko a doguwar hanyar gida ta Ogbomosho, Ilori, Jebba da Mokwa. Duk wanda ya leƙa wuraren dillalan mota a 'yan shekarun nan ya ga yadda gaban mota ya sauya kama. Inda a da ake jera maɓallai da abubuwan murɗawa, yanzu wani faffaɗan gilashi ne kamar an manna talabijin, komai sai an shafa. Matasanmu da sun gani sai ka ji ana "kai, motar nan ta haɗu." Mu kuwa muna da ja, kuma ba ƙin sabon abu ba ne irin na tsofaffi. Mun duba ne muka ga an karɓe wa hannu aikinsa an ɗora wa ido, alhali ido yana da nasa aikin da babu mai yi masa, wato kallon titi.

Waɗanda suka tuƙa Peugeot 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna, ko tsohuwar Golf, ko Camry da Corolla na shekarun 2000, sun san abin da muke nufi. A Corolla ɗin nan abubuwa uku ne a jere: na ƙarfin fanka, na zafi da sanyi, da na juya iska ko ƙafa ko fuska ko gilashi. Na rediyo yana sama, shi kaɗai. Mako guda da sayen mota hannunka ya haddace su. Kana tafe cikin dare, ruwa na zuba, ka miƙa hannu ka murɗa, ka ji "ƙas, ƙas" a yatsa, ka san fanka ta hau ta biyu ba tare da ka ɗauke ido daga fitilar bayan tirelar da ke gabanka ba. Ai mun saba ganin irin wannan a bakin titin Sabo: ɗan canji yana ƙirga kuɗi yana ciniki da wani, idonsa na kan fuskar mutumin, yatsunsa na aikinsu. Mai jan carbi ma ba ya kallon 'ya'yan carbin, yatsa ne ke gaya masa ya iso mararraba. Duk wanda ya ƙera waɗancan maɓallai ya san da wannan baiwa ta hannu, ya yi aiki da ita. Shi ya sa ya bambanta girmansu, ya yi wa wani tudu, ya yi wa wani zarto-zarto a gefe, ya ajiye na wutar haɗari ja a tsakiya inda ko fasinja zai iya kai hannu.

Gilashi kuwa sumul yake daga wannan gefe zuwa wancan. Yatsa ba ya jin komai a kansa, don haka ba shi da abin haddacewa. Abin da ya fi muni shi ne wuri ɗaya ba ya riƙe aiki ɗaya: inda ka taɓa ɗazu ka rage sanyi, yanzu taswira ce a wajen, an jima sunan mai kiranka a waya. Dole ka duba ka ga wane shafi kake, ka duba ka saita yatsa, ka sake dubawa ka tabbatar ya karɓa. Kallo uku ke nan a abin da a da ba ya cin kallo ko ɗaya. Idan kuma aka yi rashin sa'a taya ta faɗa rami daidai lokacin, yatsa ya goce ya buɗe wani abu daban, sai a koma farko.

To, bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Gudun da doka ta yarje wa ƙaramar mota a babbar hanya irin ta Legas zuwa Badun kilomita 100 ne a awa. A wannan gudu mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka saukar da ido daƙiƙa biyu, ka yi mita 56 a makance. Daƙiƙa huɗu, ka wuce tsawon filin ƙwallo. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da zai iya zama a cikin filin ƙwallo guda: tanka da ta lalace aka ajiye mata ganye a baya, mai tallan burodi da ya tsallako, ɗan acaba da ya biyo hannun da ba nasa ba.

Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gwada abin a filin jirgin sama. Ta kawo sababbin motoci 11, ta haɗa da tsohuwar Volvo V70 ƙirar 2005 wadda ba ta da allon shafa. Aka bai wa direbobi lokaci suka saba da kowace mota tukuna, don kada a ce baƙunta ce. Sannan aka sa su gudun kilomita 110 a awa suna yin ƙananan ayyuka na yau da kullum: ƙara ɗumi, kunna abin share raɓar gilashi, kama tashar rediyo, rage hasken gaban mota da makamantansu. A tsohuwar Volvo an gama cikin daƙiƙa 10, mota ta ci mita 306. A wata sabuwar mota mai lantarki, MG Marvel R, sai da aka kwashe kusan daƙiƙa 45, tafiyar mita 1,372. Fiye da kilomita guda hankalin direba a rabe! Abin da ya ƙara ba mu mamaki, cikin sababbin wadda ta fi matsowa kusa da tsohuwar ita ce Dacia Sandero, motar talakawan Turai, da daƙiƙa 13 da rabi. Tsadar mota ba ta sayi sauƙin sarrafa ta ba.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya kai kamfanoni? Ai ba jiya aka fara ba. Tun 1986 kamfanin General Motors na Amurka ya sa allon taɓawa a motarsa Buick Riviera, masu saye suka yi ta ƙorafi, zuwa 1990 aka cire. Maganar ta kwanta har wayar shafa ta cika duniya. A 2012 Tesla ta fito da Model S da allo mai inci 17 a tsakiya, ta kwashe kusan komai ta zuba a ciki, sauran kamfanoni suka ga ana rububinta suka bi sahu. Daga watan Mayun 2018 kuma doka ta wajabta wa duk sabuwar mota a Amurka kyamarar ribas, kyamara kuwa sai da allo. Tunda allon ya zama dole, sai mai ƙera mota ya yi dabarar ɗan kasuwa. Kowane maɓalli sai an zana shi, an zuba robarsa, an ja masa waya, an gwada shi sau dubbai, an ajiye kayan gyaransa shekara da shekaru. A allo kuwa hoto ne kawai za a zana da kwamfuta. Mu 'yan kasuwa ne, ba ma ganin laifin wanda ya nemi rage kuɗin da yake kashewa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a rage maka kaya a mudu sannan a ce maka gyara aka yi maka, har a ƙara kuɗi. Kuma da zarar komai ya koma cikin kwamfuta, an buɗe wata ƙofar: BMW ta taɓa gwada karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna wa mutum abin ɗumama kujerar da ke cikin motar da ya riga ya saya, sai da surutu ya yi yawa ta janye a 2023.

Akwai wata shari'a da aka yi a Jamus da ya kamata direbobinmu su ji. Wani mai Tesla yana tafiya cikin ruwan sama, ya so ya ƙara saurin waifa, saitin saurin kuwa yana cikin allo. Yana cikin lalube motar ta saki hanya ta daki bishiyoyi. A 2020 babbar kotun Karlsruhe ta tabbatar masa da tara da kuma dakatar da shi daga tuƙi na wata guda, ta ɗauki allon a matsayin na'ura irin wadda dokar hana latsa waya ta shafa. Ku duba wannan lamari da kyau. Kamfani ne ya ɓoye saitin waifa a cikin allo, amma direba ne ya biya. A nan gida ma jami'an kiyaye haɗurra za su tare ka in sun gan ka da waya a hannu kana tuƙi, kuma da gaskiyarsu. To mene ne bambancin wayar da ke hannu da babbar wayar da aka ɗaure a jikin mota, in dai duka biyun ido suke ci?

Sojojin ruwan Amurka ma sun ɗanɗana. A watan Agustan 2017 jirgin yaƙinsu USS John S. McCain ya yi karo da wani jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Bincike ya nuna akwai gajiya da ƙarancin horo, amma ya kuma nuna cewa ma'aikatan sun rikice da tsarin sarrafa jirgin ta allo, har aka rasa sanin a hannun wa ikon tuƙin yake. Bayan haka rundunar ta yanke shawarar mayar da totur na hannu a jiragen irinsa. Waɗannan mutane ne da aka horar, a kan teku mai faɗi. Ina ga direban Sienna da ya taso daga Ojoo da asuba da fasinja cike, ga gargada, ga barci?

Yanzu dai a can Turai an fara dawowa daga rakiyar allo. Hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada motoci tana ba su taurari gwargwadon amincinsu, ta sanar a 2024 cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da abin taɓawa na zahiri ga abubuwa biyar: sigina, wutar haɗari, hon, waifa, da maɓallin kiran agaji. Ba doka ba ce, amma kamfanoni na tsoron rasa tauraro fiye da tara, domin mai saye yana dubawa. Ka ji jerin nan ka san inda aka kai. Wai har sai an roƙi mai ƙera mota ya bar wa direba sandar sigina! Kuma ba zolaya ba ce, Tesla ta cire sandar daga Model 3 a 2023 ta mayar da ita madannai a fuskar sitiyari. Ka kwatanta mutum yana zagaya shataletalen Mokola, sitiyari a juye, yana neman wane ne dama wane ne hagu. Volkswagen, wadda ta yi nisa a wannan hanya, ta yi amai ta lashe: a 2025 shugaban sashen zanenta, Andreas Mindt, ya bayyana cewa za su mayar da maɓallan ƙarar rediyo, da zafi da sanyi, da fanka, da wutar haɗari a motocinsu masu zuwa. Honda tun kafin nan ta mayar da abin murɗa ƙarar rediyo bayan ta cire shi masu saye suka ƙi.

Adalci dai shi ne a faɗi inda allo ya yi rana. Kyamarar ribas alheri ce, musamman a lunguna irin namu da yara ke wasa a gindin mota, yaro ɗan shekara biyu ba ya fitowa a madubi. Taswira ma ta taimaki duk wanda ya taɓa ɓata a gadojin Legas. Waɗannan abubuwa ne na kallo, wurinsu allo. Saitin da ake yi sau ɗaya a shekara, kamar gyara agogo, shi ma a bar shi can, a yi shi mota na tsaye. Rigimarmu tana kan abin da hannu ke nema ana cikin gudu.

Inda abin ya fi damunmu shi ne nan. Mu ba sabuwar mota muke saye ba, in ban da ɗaiɗaiku. Tokumbo muke saye, wadda ta yi shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai kafin a sauke ta a Tin Can ko ta biyo ta Kwatano. Ma'ana, motocin da aka ƙera a ganiyar haukan allo, daga wajen 2018 zuwa 2025, yanzu suka fara isowa, kuma su za su cika tashoshinmu nan da shekara goma, lokacin da Bature ya riga ya koma wa maɓallansa. Abin da suka gwada suka tofar, mu za mu karɓa da kuɗinmu, kuma a tsufansa.

Tsufan allo kuwa ba irin na maɓalli ba ne. Abin murɗa fanka in ya karye, ka je Agodi Gate ka samo na Belgium, ko ka kama ƙarfen da filaya ka murɗa har Allah Ya hore. Sauran abubuwa suna nan suna aiki. Allo in ya mutu, da shi da na'urar sanyaya mota da rediyo da kyamara da abin share raɓa duk rana ɗaya ake jana'izarsu. A 2021 sai da hukumar kula da amincin motoci ta Amurka ta matsa wa Tesla ta janye motoci kusan 135,000 don gyara, saboda wani ɗan ƙaramin ma'ajiyin bayanai da ke cikin allon yana ƙarewa da yawan aiki, in ya ƙare allo ya yi baƙi, kyamarar ribas da saitin share raɓar gilashi su tafi tare da shi. Can akwai hukumar da za ta tilasta, akwai kamfanin da zai gyara kyauta. Motar da ta zo hannu na uku ta sauka a Badun, wa zai aiko mata da takarda? Kuma a yawancin irin waɗannan motoci ba a cire allon wata a dasa wa wata haka kawai, sai an haɗa shi da kwamfutar motar da na'ura, wanda ba kowane mai gyaran waya ne ke da ita ba.

Sai yanayinmu. Motar da ta wuni a rana a bakin kasuwar Bodija, gabanta ba ya taɓuwa don zafi, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar kayan lantarki da gam ɗin da ke riƙe gilashin. Da rana tsaka haske ya daki allo ba ka ganin komai sai shatin yatsunka. Allon yana gane taɓi ne ta fatar yatsa, don haka jiƙaƙƙen hannu yana rikita shi, mu kuwa nan ƙasar ruwa da gumi ce. Lokacin da ruwan Kudu ya kece, gilashin gaba ya yi raɓa fari fat cikin 'yan daƙiƙu, a lokacin ne kake buƙatar juya iska zuwa gilashi nan take, ba ka shiga shafi ka fita shafi ba. Ga kuma harshe. Da yawa cikin ƙwararrun direbobinmu, waɗanda suka yi shekara talatin ba su taɓa kwantar da mota ba, karatunsu na allo ne da ajami, ba boko ba. Hoton fanka a jikin maɓalli bai taɓa tambayar su takardar makaranta ba. Yanzu an kawo musu rubutu da Turanci, wani lokaci da Jamusanci ko Faransanci, motar Amurka kuma tana nuna 72 a matsayin sanyi saboda ma'auninsu daban ne da namu. Dillali zai ce ai ana iya ba ta umarni da baki. Da wane bakin? Ba ta jin Hausa, ba ta jin Yarbanci, Turancinmu ma sai ta ga dama.

Duk wannan laifin masu ƙerawa ne. Amma akwai wanda muke yi wa kanmu da hannunmu, kuma shi ya fi ba mu takaici. Yaro zai samu Corolla ko Camry lafiyayya, maɓallanta garau, ya kai ta wajen masu haɗa waya a ɓalle rediyon asali a dasa masa allon Android na China. Wani ma har da na'urar sanyin ake haɗawa a cikin allon, a zubar da abubuwan murɗawa. Kallon kitse ake yi wa rogo. Mun ga wadda aka yi wa haka a layinmu, an yayyanka wayoyi an naɗe da salatif, kwana biyu batir ya riƙa mutuwa cikin dare, daga baya allon ya riƙa daskarewa sai an kashe mota an tayar. Allon asali na kamfani yawanci yana ƙin nuna bidiyo in mota na tafiya. Na kasuwa kuwa ana sakar masa wannan takunkumi tun wajen ɗaurawa. Shi ya sa za ka shiga motar haya da dare, a hanyar Oyo, ka tarar fim ɗin Hausa na gudana a gaban direba, wai don fasinja. Fasinja na baya ko ganin allon ba ya yi sosai. Wanda ya fi kowa kusa da shi shi ne mutumin da rayukan mutum bakwai ko goma sha takwas ke hannunsa. Ko bai kalla ba, hasken yana kashe masa ido, wanda ya fito daga ɗaki mai fitila ya shiga duhu ya san haka. Shugabannin tasha da masu motocin da ke ba yara tuƙi suna da ikon hana wannan gobe da safe in sun so, ba sai an jira gwamnati ba. Fasinja ma yana da bakin cewa "direba, don Allah kashe mana wannan," kuma dattijan da ke zama gidan gaba su suka fi cancanta su fara.

Ga wanda ke shirin sayen mota kuwa, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Bayan bakanike ya gama duba inji da giya da ƙasan mota, ka zauna a kujerar direba, ka cire hularka ka rufe allon da ita. Ka kafa ido a gilashin gaba, ka gwada kunna waifa ka ƙara mata sauri, ka ba da sigina, ka kunna wutar haɗari, ka juya iska zuwa gilashi, ka rage fanka, ka kashe rediyo. Duk wanda ya gagare ka sai ka ɗaga hula, ka ƙirga shi. Sannan ka tambayi dillali nawa ne allon in ya mutu, a ina ake samunsa, kuma wa ke haɗa shi a garin nan. In ya ce "ai ba ya lalacewa, Alhaji," ka sa bakaniken ya buga wa masu kayan gyara na Ladipo waya a gabansa, ka cire abin da suka faɗa daga kuɗin motar kafin a fara ciniki.